Daga Kasko Zuwa Garwashi: Tarihin da Ke Cikin Kalmomin Lalacewa na Turanci da Italiyanci

An daɗe ana wata magana a Turai, cewa idan kukan lalacewar zamani kake son ji to ka nufi Italiya, idan kuwa mutumin da gidansa ke ci da wuta yana cewa “da ɗan ɗumi” kake nema to ka tafi Ingila. Masu wannan magana da harshe suke kafa hujja. Sukan ce Italiyanci cike yake maƙil da kalmomin taɓarɓarewa, tun daga “peggiorare”, wato abu ya ƙara muni, da “andare di male in peggio”, wato a bar mugu a faɗa wanda ya fi shi, har zuwa “al peggio non c'è mai fine”, mai nufin muni ba shi da iyaka, wai kuma wannan yawa shaida ce ta halin mutanen. Ban yarda da wannan fahimta ba. Duk wanda ya bi sawun kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya a harsunan biyu zai tarar tarihi suke ɗauke da shi: wa ya ci wa da yaƙi, wa ya ranta wa wa kuɗi, me ake ɗorawa a murhu, wace rana ce al'umma ta kasa mantawa. Zai kuma tarar kaso mai yawa na waɗannan kalmomi kayan haɗin gwiwa ne, sun yi ta kai da kawowa tsakanin ƙasashen biyu na ɗaruruwan shekaru, ta yadda ba za a iya jingina su ga ɗabi'ar ɗaya ba a bar ɗaya.

A fara daga saiwa. Bahaushe idan zai kwatanta muni biyu, “fi” kawai yake ɗauka ya ce wannan ya fi wancan muni, kalmar munin na nan yadda take. Harshen Latin na Rumawa ba haka yake ba, kalmomi uku mabambanta yake da su: “malus” ga mugu, “peior” ga wanda ya fi shi, “pessimus” ga wanda ya fi duka. Italiyanci ya gaji ukun kai tsaye, shi ya sa yake da “male” da “peggio” da “pessimo”. Masana asalin kalmomi da dama suna danganta “peior” da tsohuwar saiwar da ke nufin ƙafa, wato ma'anar farko tuntuɓe ce, ƙafa ta kubce mutum ya yi ƙasa. Ita kuwa “worse” ta Turanci daga wata hanya dabam ta fito, daga tsoffin harsunan ƙabilun Jamus, inda saiwarta ke nufin cakuɗewa da hargitsewa, kamar zaren da ya sarƙe aka rasa bakinsa. Abin mamakin shi ne wannan saiwa ɗin ba ta tsaya a Ingila ba. Ƙabilun arewa sun yi ta shiga Italiya suna mulki, Gotawa a ƙarƙashin Tiyodorik daga 493, Lombardawa daga 568, Firankawa daga 774, kuma daga bakin irin waɗannan mayaƙa ne kalmar “werra”, wato hargitsi, ta shiga harsunan jikokin Rumawa ta zama “guerra”, sunan yaƙi a Italiyanci har yau. Tsohuwar kalmar Latin ta yaƙi, “bellum”, ta bar bakin mutane, wasu masana na ganin saboda kamarta da kalmar kyau ne. Ita “werra” ɗin ce ta bi ta Faransancin Nomandi ta isa Ingila a ƙarni na 12 ta zama “war”. Ke nan kalmar da Baturen Ingila ke cewa abu ya ƙara muni da ita da kalmar da mutumin Italiya ke kiran yaƙi da ita 'yan ɗaki ɗaya ne. Ko kalmar “cattivo”, wadda ita ce mugu a Italiyancin yau da kullum, asalinta “captivus” ne, wato kamamme, domin malaman coci sukan kira mai zunubi kamammen Shaiɗan, har sunan kamu ya koma sunan mugunta.

Bambancin da kunne ke ji tsakanin harsunan biyu ya samo asali ne daga shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila. Daga nan fada da kotu da coci suka koma Faransanci da Latin, talakawa suka ci gaba da harshen iyayensu, Turanci ya tashi da hawa biyu. A hawan sama akwai “decline” da “impair” da “deteriorate” da “degenerate”, duk aro daga Latin ko ta hannun Faransanci, har “impair” ɗin ma jikar “peior” ce. A hawan ƙasa akwai “get worse” ta kasuwa da gona. Kalmar aikatau ta gida, “worsen”, ta daɗe tana zaune a karkara, marubuta na ganin ba ta isa shiga littafi ba, sai a farkon ƙarni na 19 irin su Robert Southey da Thomas De Quincey suka dawo da ita, don sun gaji da nauyin kalmomin aro. Saboda haka idan jami'in gwamnati a Landan ya ce lamari ya yi “deteriorate”, sanyin da ake ji a maganarsa na hawan da ya ɗauko kalmar ne, harshen ofis ne da aka gada daga masu mulkin da suka zo da takobi. Italiyanci bai sha irin wannan rabuwa ba. Likita da minista da mai sayar da kifi duk “peggiorare” ɗin nan ɗaya suke faɗa, shi ya sa baƙo ke jin kamar kowa kuka yake yi.

Bayan yaƙi sai kasuwa. A ƙarni na 13 da na 14 manyan masu bayar da rance a Landan mutanen Italiya ne, kuma titin Lombard da ke tsakiyar birnin sunansu yake ɗauke da shi har gobe. Gidajen Bardi da Peruzzi na birnin Firenze sun ranta wa Sarki Edward na Uku kuɗin yaƙinsa da Faransa wanda ya fara a 1337. Sarki bai biya yadda aka yi alkawari ba, gidan Peruzzi ya rushe a 1343, na Bardi ya bi shi a 1346. Giovanni Villani, marubucin tarihin Firenze, ya ɗora laifin a kan Sarkin Ingila, ko da yake masana na baya suna ganin ya kambama yawan bashin. Shi kansa Villani ya sha ɗauri a kurkukun birnin saboda karyewar kamfanin da yake ciki, sannan annobar 1348 ta tafi da shi. Ɗan canji a Italiyar wancan zamani a kan benci yake baje kuɗinsa a bakin kasuwa, ana kiran bencin “banca”, idan ya kasa biyan mutane sai a ce “banca rotta”, benci ya karye. Wannan ce ta zama “bankrupt”, kuma ta shiga dokar Ingila a 1542 zamanin Sarki Henri na Takwas. Mai karatu zai lura cewa mu ma da karyewa muke faɗarta, mukan ce ɗan kasuwa ya karye ko ya gamu da karayar arziki. A ƙarni na 16 ɗin ne kuma “disaster” ta isa Ingila ta hannun Faransanci daga “disastro”, ma'ana mugun tauraro, kalmar zamanin da sarakunan Italiya ba sa fita yaƙi sai mai duban taurari ya zaɓa musu rana. 'Yar'uwarta ita ce “andare in malora”, tafiya cikin muguwar sa'a, wadda ake faɗa wa gona ko gida ko sana'ar da aka bari ta lalace. Da a ce yawan kalmomin masifa shaidar hali ne, da sai mu ce Turawan Ingila ma sun kamu, tunda su suka yi ta sayen waɗannan kalmomi tare da barkono da siliki.

Babu misalin da ya fi nuna wannan kai da kawowa kamar karin maganar kasko. A littafin Dekameron, wanda Boccaccio ya rubuta wajajen 1350, akwai labarin wani ɗan wasa mai suna Martellino a garin Treviso, wanda ya murguɗe hannuwa da ƙafafu ya yi kamar gurgu don a buɗa masa hanya zuwa gawar wani waliyyi, sannan ya miƙe ya ce ya warke. Wani ɗan garinsu ya gane shi, jama'a suka rufe shi da duka. Ɗaya daga cikin abokansa, don ya cece shi, ya ruga wurin dogarai ya ce ai mutumin nan ya yanke masa jakar kuɗi. Dogarai suka ƙwace shi daga hannun jama'a, sai ga alƙali ya sa an ɗaure shi da igiya ana azabtar da shi, yana shirin rataye shi. A nan ne abokan suka gane sun fitar da shi daga kasko sun jefa shi wuta. Shekara kusan 150 bayan haka, Lorenzo Astemio, mai kula da ɗakin littattafan fadar Urbino, ya fitar da tarin tatsuniyoyi ɗari da Latin a 1495, ya mayar da maganar labari: an zuba kifaye da ransu cikin mai yana tafasa, ɗaya ya ce da sauran su yi tsalle su tsira, suka yi tsallen suka faɗa kan jan garwashi, suka mutu suna tsine wa shawarar. A Ingila kuwa an ga maganar a rubutun da Thomas More ya yi a 1532 yana sukar William Tyndale, mai fassara Littafin Baibul zuwa Turanci. Ba a cika shekara biyar ba duka biyun suka mutu a hannun hukuma, aka sare kan More a 1535, aka shaƙe Tyndale aka ƙone gawarsa a 1536. Yau mutumin Italiya na cewa “dalla padella nella brace”, daga kasko zuwa garwashi, Bature na cewa daga kasko zuwa wuta. Tamu ba daga murhu ta fito ba, daga jikin bango da rumbu ta fito, garin gudun gara a faɗa wa zago, kuma wannan ma yana ƙarfafa abin da nake faɗa: kowace al'umma da abin da ya saba yi mata ɓarna take auna muni.

Sauran maganganun gida ba su da wuyar ganewa. Bature na cewa abu ya tafi tukunya, kamar tsohuwar dabbar da ba ta da sauran amfani sai yanka, ko ya ce ya tafi ga karnuka, kamar abincin da mutum ba zai iya ci ba, ko ya ce ya kama gangara. Amurkawa a ƙarni na 20 suka ƙara da cewa abu ya yi kudu. Mutumin Italiya na cewa “andare a rotoli”, abu ya kama mirginawa babu mai tare shi, ko “piove sul bagnato”, ruwa na sauka a kan jiƙaƙƙe. Idan aka jera su gefe da gefe, babu jerin da ya fi wani tsawo.

Za a iya ƙalubalantata da cewa ai Italiya ta lalace da gaske, don haka kukanta yana da dalili, ba gadon kalmomi ba ne kawai. Wannan gaskiya ne, kuma ba na rage masa komai. Sarkin Faransa Charles na Takwas ya tsallako da runduna a 1494, sojojin Sarki Charles na Biyar suka wawashe birnin Roma a 1527, zuwa 1559 Milan da Napoli da Sisiliya duk suna hannun Sifaniya. Annobar 1630 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Benis. Masaƙan wannan birni da suka fitar da turamen ulu sama da 28,000 a 1602, zuwa ƙarshen ƙarnin sun koma kusan 2,000, kuma daga cikin waɗanda suka ƙwace musu kasuwar gabashin Bahar Rum akwai 'yan kasuwar Ingila da yadinsu mai araha. To amma a duba wanda ya raɗa wa wannan faɗuwa suna ya yaɗa shi a duniya. A ƙarni na 18 al'ada ce ga 'ya'yan masu hannu da shuni na Ingila su yi doguwar tafiya zuwa Italiya don kammala tarbiyya. Abin da suke tararwa a tsakiyar Roma, inda dā majalisar daular ke zama, fili ne da ake kira Campo Vaccino, makiyayar shanu, ginshiƙan marmara sun nutse cikin ƙasa har rabi, dabbobi na kiwo a tsakaninsu. A wannan unguwa ne, ranar 15 ga Oktoba 1764, Edward Gibbon ya ce tunanin rubuta tarihin raunana da faɗuwar Daular Rum ya zo masa. Juzu'in farko ya fito a 1776, na ƙarshe a 1788, kuma tun daga nan kalmar “decline” ta samu zama daram a bakin 'yan siyasar Ingila. Suna kallon kangon Roma ne suna tsoron ranar da daularsu za ta zama haka. Fargabar koma-baya da aka fi rubutawa a kan Italiya, da Turanci aka rubuta ta, kuma Bature ne ya rubuta.

Wani kuma zai kawo Giacomo Leopardi, mawaƙin Recanati da aka haifa a 1798 ya rasu a Napoli a 1837, wanda har yau ɗaliban Italiya ke karanta shi a matsayin jagoran masu ganin duniya ba ta da alkawarin daɗi. Shi ma ba ya tabbatar da zancen hali. Kalmar “pessimism” ta riga ta fito a wasiƙar mawaƙin Ingila Coleridge tun 1794, kafin a haifi Leopardi, kuma a shekarar haihuwarsa ne Thomas Malthus, limamin coci a Ingila, ya fitar da littafin da ya ce yawan mutane zai riƙa wuce abinci har sai yunwa da cuta sun rage su. Ko a zamaninmu laƙabin lalacewa yawo yake yi. “Majinyacin Turai” asalinsa laƙabin Daular Usmaniyya ne a ƙarni na 19. A shekarun 1970 Birtaniya aka liƙa wa shi, musamman da ta nemi rancen dala biliyan 3.9 daga Asusun Lamuni na Duniya a 1976. A 1987 Italiya ta sake lissafin arzikinta ta haɗa da kasuwancin da ba ya shiga rajista, ta ce ta wuce Birtaniya, jaridunta suka kira abin “il sorpasso”, irin wucewar da mota ke yi wa mota a hanya. A 2005 mujallar Economist ta Landan ta mayar wa Italiya laƙabin. Cikin shekara 30 sunan ya sauya hannu, mutanen kuwa su ne dai ba su sauya ba.

Ƙalubalen da ya fi ƙarfi shi ne a ce asalin kalma bai dami mai magana ba. Matar da ke kukan tsadar burodi a Napoli ba ta san “peggio” na da alaƙa da tuntuɓe ba, kuma rashin sanin bai rage komai daga abin da take nufi ba. Na yarda da wannan game da tsofaffin saiwoyi, amma akwai wani rukuni da bai shafa ba, wato ranaku da wuraren da suka koma kalmomi. Idan wuri ya hargitse, mutumin Italiya yakan ce “è successo un quarantotto”, arba'in da takwas ta faru. Shekarar 1848 yake nufi, lokacin da Palermo ta yi bore a Janairu, mutanen Milan suka kori sojan Ostiriya cikin kwana biyar a watan Maris, Benis ta ayyana jamhuriya. Shekarar da littattafan makaranta ke alfahari da ita a matsayin tsanin haɗa kan ƙasa, a bakin jama'a sunan rikici ce, kuma wannan yana gaya mana yadda masu shago da masu gona suka ji ta a jikinsu. Idan ƙungiyar ƙwallo ko jam'iyya ta sha mummunan kaye, sai a ce “una Caporetto”. Caporetto gari ne da yanzu ke cikin Sulobeniya da sunan Kobarid, inda ranar 24 ga Oktoba 1917 sojojin Jamus da Ostiriya suka fasa sahun Italiya, aka kama sama da mutum 250,000, sauran suka ja da baya har kogin Piave, aka tuɓe kwamandansu, Janar Cadorna. Irin wannan magana a Turanci ita ce a ce mutum ya gamu da Waterloo ɗinsa, amma Waterloo ta 1815 nasarar Ingila da ƙawayenta ce a kan Napoliyon. Bature da faɗuwar abokin gabarsa yake misalta faɗuwa, mutumin Italiya da tasa, kuma abin da ya raba su shi ne wanda aka ci a gida da wanda teku ta tsare. Sannan akwai “si stava meglio quando si stava peggio”, an fi jin daɗi lokacin da aka fi shan wuya, 'yar'uwar “gwamma jiya da yau” tamu, wadda ake ji a bakin masu kewar zamanin da ya wuce, har da na Musolini. Mai faɗarta da bakinsa ya amsa cewa jiyan ta fi muni, duk da haka yana neman a koma mata, shi ya sa nake ganin wajibi ne a tambaye shi wa ya ji daɗin, wa kuma aka ɗaure.

Rashin sanin asalin kalma ma wani lokaci shi ne ciwon. Italiyanci na da kalmar “ambaradan”, ana faɗarta cikin raha ga tarin tarkace ko abin da ya cakuɗe, uwa na iya faɗa wa ɗanta ya kwashe duk “ambaradan” ɗinsa daga kan tebur. Amba Aradam dutse ne a yankin Tigrai na Habasha, kudu da Mekele. A watan Fabrairu 1936 rundunar Italiya ƙarƙashin Marshal Badoglio ta auka wa sojojin Ras Mulugeta, ministan yaƙin Habasha, a kan wannan dutse, da manyan bindigogi da jiragen sama da iska mai guba, ta bi masu gudu tana yi musu ruwan bama-bamai kwana da kwanaki. Dubban Habashawa suka mutu, shi ma Ras Mulugeta bai tsira ba. Sojojin da suka koma gida suka tafi da sunan dutsen, ya narke a bakin jama'a ya zama sunan hargitsi, gawawwakin suka fita daga cikinsa. Masanin tarihi Angelo Del Boca ya shafe shekaru yana kawo takardun da ke nuna an yi amfani da guba, ana ƙaryata shi, har sai a 1996 da ministan tsaron Italiya ya amsa hakan a hukumance. A 2020 majalisar birnin Roma ta kaɗa ƙuri'ar cire sunan Amba Aradam daga wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake ginawa a lokacin, ta zaɓi sunan Giorgio Marincola, ɗan Italiya da mahaifiyarsa 'yar Somaliya ce, wanda ya yaƙi 'yan Nazi aka kashe shi a watan Mayu 1945. Titin da ke wajen, kusa da babban cocin San Giovanni, yana nan da sunan Amba Aradam.